Bob McDill: mai alƙalamin da ke bayan muryar Don Williams

Duk wanda ya yi wayo a Arewa tsakanin ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1990 da wuya ace bai taɓa jin muryar Don Williams ba, ko a motar haya mai kaset, ko a ɗakin wani yaya ɗan boko, ko a filin waƙoƙin Turanci na rediyo da daddare. Murya ce mai kauri mai sanyi, ba ihu ba hayaniya, har wanda baya jin Turanci ko kaɗan zaka ga yana gyaɗa kai. Kuma ba mu kaɗai bane, Ghana da Kenya da Zimbabwe duk haka suke sonshi, shiyasa ma da yaje Harare a 1997 har bidiyon wasan aka ɗauka aka fitar kasuwa. Toh amma akwai abinda yawancinmu bamu taɓa tsayawa mun duba ba, in ka samu faifai ko kaset na asali, kusa da sunan kowace waƙa akwai wani suna da ƙananan baƙaƙe. A ƙasan Amanda, da Come Early Morning, da I Recall a Gypsy Woman, da Say It Again, da It Must Be Love, da Good Ole Boys Like Me, suna ɗaya ne yake ta dawowa, McDill. Akan wannan mutumin nake so muyi magana, shi da kasuwar da ya yi aiki a cikinta, don ba zaka gane ɗaya ba sai ka gane ɗayan.

Dalilin da yasa bama tambayar waye ya rubuta a fili yake. A wajenmu mai waƙa shi ke da waƙarsa. Shata a bakinsa take fitowa yana tsaye gaban makaɗa, Narambaɗa da Ɗanƙwairo su da 'yan amshinsu suke ɗinka abinsu, hatta marubuta irinsu Aƙilu Aliyu su suke rubutawa kuma su rera da kansu. Saboda haka in muka ji mutum yana rera baƙin cikinsa mun gama yarda nashi ne. A Nashville, babban birnin jihar Tennessee inda nan ne cibiyar waƙar kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka irin wanda Don Williams yake yi, tun tuni aka raba aikin gida biyu: akwai mai murya da hula da fuska wanda yake yawo gari gari, akwai kuma mai zama a ɗaki da jita da takarda wanda ko a titi kuka haɗu ba zaka waiwaya ba. Don Williams shima yana rubutu, ya rubuta wasu daga cikin nashi, amma da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaga shi wasu ne suka rubuta.

An haifi Robert Lee McDill ranar 4 ga Afrilu 1944 a kusa da Beaumont, can gabashin Texas wajen iyaka da Louisiana, ƙasar fadama da shinkafa da rijiyoyin mai. Abin mamaki bai tashi yana son kantiri ba. Yana yaro goge irin na Turawa aka sa shi koya, daga baya ya koma jita, da ya shiga jami'ar Lamar a nan Beaumont waƙoƙin gargajiya irin na ɗaliban wancan zamanin yake yi shi da abokansa a wani kulob. A daidai lokacin ne Jack Clement, wanda ya yi aiki a situdiyon Sun na Memphis inda su Johnny Cash da Jerry Lee Lewis suka fito, ya zo Beaumont ya buɗe situdiyo tare da wani mai suna Bill Hall, sai wasu samari biyu suka biyo shi, Allen Reynolds da Dickey Lee. Su suka fara jin yaron suka ce akwai abu a nan. Ka riƙe sunayen nan, don kusan duk rayuwarsa ta aiki a tsakaninsu ta gudana, kuma haka harkar take, ba wanda yake shiga Nashville shi kaɗai sai da wanda zai riƙe masa ƙofa.

Daga nan ya shiga sojan ruwa, yana can Reynolds na aiko masa da shawara akan rubutu, har Perry Como ya rera wata waƙarsa a 1967. Da ya fito sai ya bi su Memphis da niyyar rubuta waƙoƙin zamani, abin bai zauna ba, a 1970 suka tattara suka koma Nashville inda Clement ya riga ya kafa kamfani. Shi da kansa ya sha bada labarin cewa ya iso garin ne bai ɗauki kantiri a bakin komai ba, gani yake kiɗan ƙauyawa ne, sai wata rana yana cikin mota da wani abokinsa marubuci Vince Matthews aka sako A Good Year for the Roses ta George Jones a rediyo. Waƙar wani mutum ce matarsa tana haɗa kayanta zata tafi, shi kuma ya rasa abin cewa sai zancen furannin tsakar gida da ciyawar da take buƙatar yanka. A nan McDill ya gane inda ƙarfin abin yake, wato mutum ya cika fam da fushi da ciwo amma ya riƙe, ya bar ƙananan abubuwan cikin gida suyi magana a madadinsa. George Jones ɗin nan kuwa a yankin Beaumont ɗin shima ya tashi, abin yana bakin ƙofarsa tun farko bai gani ba sai da ya yi nisa da gida.

Bari in tsaya a nan in yi bayanin kasuwar, don ita ce ƙashin bayan labarin.

A Nashville akwai wata unguwa da ake kira Music Row, tituna biyu ne manya, na 16 da na 17, cike da tsofaffin gidajen kwana da aka maida ofisoshi. Cikinsu akwai kamfanonin da aikinsu ba fitar da faifai bane, mallakar waƙa ne da dillancinta, su ake cewa fablisha. Wanda ya fara buɗe wannan hanya a garin shine Acuff-Rose a 1942, na Roy Acuff da Fred Rose, su ne suka riƙe waƙoƙin Hank Williams. Yadda ake yi shine marubuci ya sa hannu da fablisha, duk abinda ya rubuta cikin wa'adin nasu ne tare, su kuma su dinga bashi adibas duk sati ko duk wata ya ci abinci ya biya haya. Ba albashi bane, bashi ne, irin wanda manomi yake ci da damina a cire da kaka, in waƙa ta yi kasuwa sai an fara zare abinda ya ci kafin ya ga ko sisi. In ya gama waƙa sai a ɗauko makaɗa a yi mata ɗaukan gwaji, daga nan ɗan tallan kamfani ya sa kaset a aljihu ya dinga bin furodusoshi da mawaƙa yana kunna musu. In wani ya ce a ajiye masa ita toh an ɗaure ta kenan ba za'a kaiwa kowa ba, kuma yana iya riƙe ta wata da watanni daga ƙarshe ya ce ya fasa. In an rera, bata zama lallai a sa ta a albam ba. In an sa, bata zama lallai a tura ta rediyo ba. Kowane mataki waƙoƙi ɗaruruwa ne suke mutuwa a kai.

Kuɗin kuma ta hanya biyu yake shigowa. Na farko kuɗin kwafi, duk faifan da aka buga aka sayar akwai ɗan abinda doka ta yankawa mai waƙa. A Amurka tun 1909 senti 2 ne kacal akan kowane kwafi, senti 100 ne dala ɗaya, kuma haka ya zauna ba ƙari har 1978, kusan shekara 70 komai yana tashi banda wannan. Kaga kenan lokacin da McDill ya fara, in faifai ya sayar da kwafi miliyan ɗaya dala 20,000 ce take fitowa, a raba da fablisha, in ku biyu kuka rubuta a sake raba naku. Na biyu shine kuɗin kunnawa, duk lokacin da rediyo ko talabijin suka sa waƙar. Ƙungiyoyi ne suke karɓowa, ASCAP da aka kafa 1914 da BMI da aka kafa 1939, kuma tarihin nan yana da muhimmanci don ASCAP a da bata cika kula marubutan kantiri da na baƙar fata ba, sai da gidajen rediyo suka yi rigima da ita akan kuɗi suka daina sa waƙoƙinta a 1941, BMI ta buɗe ƙofa ga waɗanda aka raina. Ba don wannan rigimar ba da wuya Nashville ta zama abinda ta zama. Har ma akwai lokacin da waƙoƙin McDill suka yi yawa a rediyo 'yan garin suke cewa ai ma'anar BMI ita ce Bob McDill Incorporated, wato kamfanin Bob McDill.

Wani zai ce ai shikenan kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, marubuci ya sha wahala mawaƙi ya kwashe. Suna kam mawaƙi ne yake kwashewa, amma kuɗi ba haka yake kai tsaye ba. A dokar Amurka gidan rediyon AM da FM marubuci da fablisha yake biya, baya biyan wanda ya rera. Wato duk sanda aka sa Amanda a rediyo a can, McDill ne yake samu ba Don Williams ba, shi Don nashi yana wajen cinikin faifai da tikitin wasa, sai ya bar iyali ya hau bas. Shiyasa duk wanda ya san harkar yake riƙe haƙƙin waƙarsa da haƙori. Willie Nelson lokacin yana cikin talauci a Houston ya sayar da Family Bible akan dala 50, ta fito ta yi kasuwa da sunan wasu. Dolly Parton kuwa da Elvis ya so rera I Will Always Love You manajansa ya ce sai an basu rabin haƙƙin, ta ƙi duk da tana so, da Whitney Houston ta rera ta a 1992 duniya ta ga amfanin ƙin nan.

Toh a cikin wannan tsarin McDill ya zauna shekara 30, kuma yadda ya zauna ɗin ne ya bambanta shi. Yawancin labaran marubutan Nashville na wancan lokacin labarin giya ne da ƙwaya da kwana a mota da rubuta baiti a bayan takardar mashaya. Shi ba haka ba. Da safe yake zuwa ofis kamar ma'aikacin gwamnati, ya rufe ƙofa, ya ɗauko jita da irin littafin rubutun nan mai ruwan ɗorawa na lauyoyi, ya zauna har yamma, Litinin zuwa Juma'a, burinsa ya gama waƙa ɗaya a sati. A 2017 ya ɗauki waɗannan littattafan guda 217 ya baiwa gidan tarihin kantiri na Nashville, shafi bayan shafi na baitin da aka rubuta aka soke aka sake. Ya taɓa cewa Amanda ta zo masa cikin kusan rabin awa, kamar ban haƙuri ce ga matarsa, amma irin wannan kyautar ba kullum take zuwa ba, sauran duk haƙo su ya yi.

Akwai masu ganin wannan ai kashe fasaha ne, wai waƙar gaske daga zuciya take ɓarkowa ba'a yi mata lokacin tashi daga aiki. Ni ban yarda ba sam. Sauƙin nan da muke ji a waƙoƙin, wanda yasa ɗan sakandare mai Turanci kaɗan yake iya bin kowace kalma, ba haka kawai ya faɗo ba, shine abinda ya rage bayan an kwana huɗu ana cire duk kalmar da bata aiki. Waƙar kantiri minti uku ce da ɗan wani abu, baiti biyu ko uku da amshi, a ciki ake so ka kawo mutum ka nuna gidansa ka nuna abinda yake damunsa kuma kar mai sauraro ya ji ana yi masa lacca. Ka duba Amanda ɗin ma. Mutum ne ya doshi talatin yana kallon madubi, tun yana ɗan shekara sha huɗu ya riƙe jita har yau bai zama komai ba, yana kallon matarsa yana ganin ta cancanci mijin da ya fi shi. Ba cin amana, ba kuka, ba rantsuwa, kunya ce kawai irin ta magidancin da ya san bai sauke abinda ya ɗauka ba. Don Williams ya fitar da ita 1973 bata yi wani nisa a jadawalin Billboard, mujallar da ke jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ba, Waylon Jennings ya ɗauke ta 1974, sai a 1979 da aka tura tashi rediyo ta hau lamba ɗaya.

Haɗuwar McDill da Don ma a gidan Clement aka yi. Don shima ɗan Texas ne, shima daga waƙar gargajiya ya fito da ƙungiyarsu Pozo-Seco Singers, shima a matsayin marubuci ya shigo kamfanin kafin a gane muryarsa ce dukiyar. Clement ya buɗe ƙaramin kamfanin faifai JMI, McDill ya fitar da albam ɗinsa a can a 1972, daga nan ya gane shi ba mutumin dandamali bane ya koma ɗaki. Allen Reynolds ne ya yi furodusan faifan Don na farko, suka rage kayan kiɗa, suka sassauta ganga, suka bar murya a gaba. Irin wannan kiɗan baya ɓoye rubutu mara kyau, in baiti ya yi rauni kowa zai ji, shiyasa Don yake buƙatar irin McDill kamar yadda McDill yake buƙatar mai rerawa da ba zai yi wa kalmominsa ado ba.

Inda na fi so in daɗe shine Good Ole Boys Like Me ta 1980, don a ganina a nan ya kai ƙarshen abinda ya iya. McDill makaranci ne sosai, kuma ya ce wani littafin Robert Penn Warren ne ya tayar masa da ita. Yaro ne a kudancin Amurka, uban yana shigowa yi masa sai da safe da warin giya a bakinsa da Baibul a hannunsa yana masa zancen mutunci, yaron yana kwance yana jin iska a bishiyoyi, yana sauraren masu gabatar da shiri a rediyo cikin dare, yana karanta littattafan marubuci Thomas Wolfe. A makaranta yana da aboki da giya da ƙwaya suka cinye, shi kuma ya tsira ne saboda ya koyi magana irin ta mai karanta labarai a talabijin, ya goge harshen garinsu daga bakinsa ya kama hanya yana ɗan sha takwas. Kuma duk da haka garin bai sake shi ba. A cikin amshi ya haɗa Hank Williams mawaƙin talakawa da Tennessee Williams marubucin wasan kwaikwayo a layi ɗaya, abinda ba'a saba ji a rediyon kantiri ba. Wallahi duk wanda ya bar ƙauyensu da karatu, ya koyi gyara harshe don kar a yi masa dariya a birni, sannan ya koma gida da sallah ya ji shi ba baƙo ba kuma ba ɗan gida ba, ya san abinda waƙar take faɗa ko da bai san waye Thomas Wolfe ba. Ta tsaya a lamba biyu bata kai ɗaya ba, amma in ana lissafin manyan rubuce rubucen kantiri da wuya a tsallake ta.

Akwai wani gefe da bai kamata a rufe ido akai ba. Kudancin da yake rubutawa ƙasar bauta ce da wariyar launin fata, kuma a farkon wannan waƙar akwai hoton Stonewall Jackson a saman gadon yaron, janar ɗin da ya yi yaƙi a ɓangaren masu son a cigaba da bauta. Wasu suna jin wannan a matsayin kewar zamanin da bai cancanci a yi kewarsa ba, kuma suna da hujja, don kantiri ta daɗe tana shafa wa tarihin kudu mai. Ni yadda nake karanta shi, yana nuna abinda aka rataya wa yaro ne kafin ya yi wayon zaɓa, ba yabo yake ba, tunda uban da ya rataya hoton shine mai tangaɗi da giya. A Catfish John wadda suka rubuta da Reynolds, Johnny Russell ya rera 1972, yaro farar fata ne uwarsa take hana shi zuwa bakin kogi wajen wani tsoho da aka haifa a bauta aka taɓa musayarsa da goɗiya, yaron kuma yana alfahari da abotarsu. Tausayi ne na gaske, amma ka lura har a nan ta idon farin yaron muke ganin tsohon, shi bai samu bakin magana ba. Wannan iyakar McDill ce kuma iyakar kasuwar da yake rubuta wa.

Bayan Don bai tsaya ba. Song of the South labarin iyalin manomin auduga ne lokacin karyewar tattalin arziki na shekarun 1930, gona ta suɓuce suka koma birni uban ya samu aiki a hukumar madatsun ruwa ta zamanin Roosevelt. Bobby Bare ya fara rera ta 1980, wasu suka gwada, bata tashi ba sai da 'yan ƙungiyar waƙa ta Alabama suka ɗauka ta kai lamba ɗaya a farkon 1989, shekara kusan tara tana jiran bakin da ya dace. Don't Close Your Eyes da Keith Whitley ya rera ita Billboard ta sa a gaba cikin waƙoƙin kantiri na 1988, mutum ne yake roƙon matar da ke tare dashi ta daina rufe ido tana tuna wani, Whitley kuma giya ta kashe shi shekarar da ta biyo. Ya yi masu sauƙi na rawa ma irinsu Louisiana Saturday Night, don ofis ne, ba kullum ake rubuta abin kuka ba. Gaba ɗaya ana lissafa masa waƙoƙi 31 da suka hau lamba ɗaya, kuma tun 1985 aka saka shi a zauren girmama marubutan Nashville.

Shekarun 1990 kuɗi ya ɓarke a garin. A 1991 aka fara ƙirga cinikin faifai da na'ura a kantuna, sai aka gano kantiri tana sayuwa fiye da yadda ake zato, albam ɗin Garth Brooks na shekarar ya shigo kai tsaye a lamba ɗaya na duk Amurka, kuma furodusansa Allen Reynolds ɗin nan ne na Beaumont. Kowa ya kwaso jiki sai Nashville. McDill ya kalle su ya rubuta Gone Country, Alan Jackson ya fitar 1994, mutum uku ne da kasuwarsu ta mutu a wasu wuraren, mai waƙa a Las Vegas da mai waƙar gargajiya a New York da wani gwanin kiɗa a Los Angeles, kowa ya sayi takalmin kaboyi ya ce ai dama shi ɗan kantiri ne. Zolaya ce amma ba ta ƙeta ba, don ya san shi ma haka ya shigo a 1970, bambancin kawai shi ya zauna ya koyi aikin.

A shekarar 2000 ya ajiye alƙalami, ya koma lambu da farauta da kamun kifi da tara littattafai. In ka duba abinda ya biyo baya zaka ce ya fita akan gaɓa. Dokar sadarwa ta 1996 ta bar kamfanoni ƙalilan sun saye gidajen rediyo ɗaruruwa, jerin waƙoƙin da ake sawa ya ƙuntata. Napster ta zo 1999 mutane suka fara sauke waƙa kyauta a intanet, cinikin CD ya fara zubewa. Babban abinda ya karya marubuta shine mutuwar albam. A da in waƙarka ta samu shiga cikin goma na wani albam, ko ba'a taɓa sa ta a rediyo ba kuɗin kwafinka ɗaya ne da na wadda ta fi kowacce tashe, albam mai kwafi miliyan ɗaya akan senti 9.1 da ake biya daga 2006 dala 91,000 kenan ga waƙa guda. Da wannan ne matsakaicin marubuci yake riƙe gida yana koyon aiki, da shi ne fablisha yake iya haƙuri da yaro shekara biyar yana bashi adibas. Yanzu a Spotify da ire irenta sai wadda aka danna ake biya, kuma abinda ke zuwa ɓangaren rubutu kaso ne ƙarami, kusan 15 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanin a Amurka, shima sai da aka sha shari'a aka ɗago shi daga 10.5. Wata doka da aka yi a 2018 ta gyara hanyar tattara kuɗin, a 2023 aka ɗaga na kwafi zuwa senti 12, amma masu sayen kwafin nawa suka rage? Ƙungiyar marubutan Nashville ta sha cewa masu cin abinci da rubutu zalla a garin sun ragu da kusan kashi 80 cikin 100 daga shekarar 2000.

Mu ma in za'a faɗi gaskiya, yawancin kaset ɗin da muka ji Don a ciki kwafin kasuwa ne da aka juya daga wani kaset, ko kwabo bai isa Nashville ba, galibi ma ba sunan marubuci a jikin kwalin. Ba wai don mugunta ba, na asalin ne baya isowa hannunmu cikin sauƙi.

Abinda wannan sauyin ya yi wa waƙar kanta shine ya fi damuna. Tunda kuɗi yana wajen wadda zata tashi a rediyo ne kawai, ba mai son yin kasada, sai aka koma rubutun taro, mutum uku huɗu a ɗaki ɗaya, da mai haɗa kiɗa a kwamfuta, da shi mawaƙin a zaune don sunansa ya shiga ya samu kaso. Ana samun masu daɗi a haka, ba'a ce babu ba. Amma Amanda, da Good Ole Boys Like Me, da Song of the South, da Don't Close Your Eyes, da Gone Country duk shi kaɗai ya rubuta, kuma ina ganin baitin uba mai giya da Baibul ba zai tsallake ɗaki mai mutum huɗu ba, dole wani ya ce a cire kar rediyo ta ƙi sawa. Yau waƙar mutum ɗaya ta hau lamba ɗaya a kantiri sai an daɗe ba'a gani ba.

A 2023 aka saka McDill a babban zauren girmamawa na kantiri tare da Tanya Tucker da Patty Loveless, yana da shekara 79, shekara 13 bayan an saka Don Williams wanda ya rasu 2017. Jinkirin yana da dalili, kujerar marubuta a wannan zauren sau ɗaya take zagayowa duk shekara uku: Bobby Braddock 2011, Hank Cochran 2014, Don Schlitz mai The Gambler 2017, Dean Dillon 2020, sannan shi. Abokin rubutunsa Wayland Holyfield, wanda ya rubuta wa Don You're My Best Friend da Some Broken Hearts Never Mend, ya rasu a watan Mayun 2024 layi bai zo kansa ba.